Iya Ta Ajiye Riƙo

Shafi na 41

Jama'a, barkanmu da warhaka. Masu cika min waya da saƙo tun jiya, wai sai na faɗa muku abin da ya sa yarinya ta samu gurbi a jami'a ta tsallake ta gudu, to ga ta nan, ku ji daga bakinta. Baiwar Allahn da ta ce in karatun nan ya kuɓuce ba za ta yafe min ba, ki sha ruwa ki zauna tukuna.

*

Kwana uku ke nan ina ninke zanen gado a ɗakin wankin wani otal, kwana uku kuma da na bar gidan Iya ba ko sallama.

Iya ce ta riƙe ni shekara huɗu, tun ina 'yar sha huɗu. Gidanta ne na shida da ofishin kula da yara ya kai ni riƙo. Biyar ɗin baya kada ma ku tambaye ni.

Ɗakin wankin a ƙarƙashin bene yake, ba taga, sai injinan wanki uku da ke ta gurnani da tururin dutsen guga. Abu ɗaya ya sa na karɓi aikin, suna ba ma'aikata wurin kwana. Katifa ce siririya a ɗakin baya, mu huɗu, amma dai ba mai zuwa ya ce min tashi.

Yau ce ranar ƙarshe ta rajistar sababbin ɗalibai, ƙarfe huɗu za a rufe. Na sani sarai. Tun safe nake hana idona kallon agogon bango, shi kuma ɗan banzan kamar da gayya aka kafa shi saitin teburina.

Sha ɗaya ta ɗan gota na ji taku a matakala. Ƙafa ɗaya ta sauka tim, ɗayar a jawo ta a hankali. Na dakata da ninki. Mutum ɗaya na sani a duniya mai wannan takun.

"Salamu alaikum. Wa ke shugabanci a nan?"

Uwar Guga, wato shugabarmu, ta ɗago daga kan rigar da take gogewa.

"Wa alaikumus salam. Hajiya, ba a shigowa nan, wurin ma'aikata ne."

"Na gani. Wata ma'aikaciyarku na zo gani, wadda ta hana ni barci kwana uku."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, tef ɗin awo rataye a wuyanta, farin zare maƙale a mayafinta. Daga kan keken ɗinki ta taso ke nan. Labule Iya take ɗinkawa da rigunan kujera, kuma ko asibiti za ta sai ta manta tef ɗin nan a wuya.

Na sunkuyar da kai na ci gaba da ninki. Zanen ya ƙi haɗuwa baki da baki.

"Auta."

Na yi kamar ban ji ba.

"Da ke nake. Ko injin ya toshe miki kunne?"

"Ina kwana, Iya."

"Ban kwana ba. Babanki ma bai kwana ba. Mun je makarantarku ta da, mun je tasha, mun je asibiti biyu. Asibiti, Auta! Har ɗakin da ake kwantar da waɗanda ba a san danginsu ba sai da na leƙa da wannan gwiwar tawa. Sai da malaminku na lissafi ya titsiye ƙawarki sannan ta faɗi inda kike."

Wallahi na ji kunya. Amma haushin da ke cikina ya fi kunyar yawa.

"Ai rage muku aiki na yi."

"Wane aiki?"

"Aikin korata."

Uwar Guga ta miƙa hannu ta kashe inji ɗaya. Ba don wankin ya gama ba, don dai ta ji da kyau.

Iya ta ce, "Maimaita in ji."

"Na ga takardar, Iya. Ranar Litinin kin aike ni in ɗauko miki allura a durowar keke. Tana ƙarƙashin gwangwanin maɓallai, da hatimin ofis a kanta. Sau uku na karanta, har na haddace. Ina sanar da ofis cewa na ajiye riƙo daga ƙarshen wannan wata, a cire gidana daga cikin gidajen riƙo. Ga sa hannunki, ga na Baba. Kwana biyu da zuwan takardar jami'a kika rubuta ta."

Ta buɗe baki za ta yi magana, na riga ta. Shekara huɗu ban taɓa ɗaga mata murya ba, yau kam sai da ta fito.

"Gida biyar aka fitar da ni, na san yadda ake yi! Takarda ce ke fara zuwa, a ɓoye ta a durowa, a yi ta yi miki fara'a. Wata rana ki dawo makaranta ki tarar an gama magana. Matar gida na uku har kitso ta yi min ranar, tana min waƙa. Na rantse ba wanda zai ƙara fitar da ni daga gida. Na cika sha takwas, na fita da ƙafata."

"To jami'ar fa? Shekara nawa kina raba dare kina karatu, ki tsaya kina ninke zanen da wasu suka kwana a kai?"

"Jami'a! Kin karanta fom ɗinsu? Sau uku a shekara suke rufe ɗakunan kwanan ɗalibai, kowa ya tafi gidansu. Akwai layin da aka ce ka rubuta inda za ka yi hutu. Akwai na wanda za a kira in wani abu ya same ka. Me zan rubuta, bakin titi? Ofis sun ce za su ɗauki nauyin karatuna, ba su ce za su ba ni gida ba. Nan ko banza akwai katifa."

Na gama ina huci. Na zaci za ta yi faɗa. Iya kuwa ta iya faɗa, ku tambayi masu kawo mata yadi.

Sai kawai ta dubi Uwar Guga ta ce, "Baiwar Allah, a taimaka min da kujera."

Aka jawo mata kujerar roba. Ta zauna, ta miƙe ƙafar mai ciwon, ta daɗe tana kallona.

"Ke dai Allah ya ba ki kan lissafi, amma wauta ta yi miki katutu. Kin taɓa shiga ɗakin ciki na ofishin Antinku?"

Antin Ofis take nufi, ma'aikaciyar da fayil ɗina ke hannunta tun ina 'yar shekara bakwai. Na girgiza kai. Mu yara a benci ake ajiye mu a waje.

"Akwai wani farin allo a bango. Kowane gidan riƙo da layinsa. Nawa ne na huɗu. An rubuta gado ɗaya, sai sunanki a gabansa. Ranar da kika shiga jami'a za su sa tsumma su goge sunan. Kin san abin da ke biyo baya?"

Ba ta jira amsata ba.

"Ba ya kai sati biyu. Shekara ashirin da biyu ina riƙo, yara goma sha ɗaya, ban taɓa ganin gadon nan ya yi sati biyu ba kowa a kai ba. Yara sun fi gadaje yawa, Auta. Ba mugunta ba ce, haka aikin yake."

"To sai me?"

"Ki bar ni in kai. Kin san yayanki Dogo, mai kirana a waya?"

Na sani. Hotonsa na falo, yana tsaye kusa da Baba ya fi shi tsawo da kai guda.

"Shekara shida ya yi a ɗakin nan naki. Ya tafi makarantar koyon aikin lantarki. Hutun farko ya dawo da jakarsa yana ta washe baki, ya wuce kai tsaye ya tura ƙofar ɗakinsa, sai ya ga wasu 'yan ƙananan takalma a bakin gado. An riga an kawo min wata yarinya. Na shimfiɗa masa a falo. Ya ce ba komai, Iya. Kwana biyu ya yi, ya ce wai an kira su aiki. Shekara tara ke nan. Yana gaishe ni, yana min aike, yana zuwa ya wuni, amma bai ƙara kwana a gidana ba. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ya tafi."

Ta sa gefen mayafi ta goge hanci.

"Da takardarki ta zo, na je na samu Antinku. Na ce a bar min gadon nan, yarinyata za ta riƙa dawowa hutu. Ta ce Iya, ba ni da iko. In gida yana kan allo, gadonsa na ofis ne. Na ce ko na roƙa? Ta ce ko kin roƙa, ko dai kina kan allo ko ba kya kai. Na ce to miƙo min takarda da biro."

Injinan biyun da suka rage suna ta juyawa. Ni kuwa na kasa ko ƙifta ido.

"Ɗaki biyu gare mu. Ɗaya namu ni da babanki, ɗaya naki. Da ina da na uku da ban ajiye ba, Allah ya sani ina son aikin nan kamar raina. Amma ba zan ƙara shimfiɗa wa ɗana a falo ba. Na ajiye riƙo ne don ɗakin ya zama naki, ko kin yi shekara goma kina karatu, ko kin zama abin da za ki zama. Kin ji korar da na yi miki."

Sai ganina na yi a zaune a ƙasa, zanen gado rungume a ƙirjina. Abin da ya tokare min zuciya tun ranar Litinin, wanda ya hana ni ci ya hana ni numfashi mai kyau, na ji ya faɗa gaba ɗaya. Wani sanyi ya sauko min tun daga tsakiyar kai. Jama'a, na ji daɗi. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba tunda nake, kuma na ji na zama sakarya ta ƙarshe a duniya.

Na ja jiki na kifa kaina a cinyarta na fashe da kuka.

"Ke, ba wannan gwiwar ba! Koma ɗayar."

Na koma ɗayar na ci gaba.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba, Iya?"

"Don na san halinki. Cewa za ki yi a'a Iya, a ba wani yaro, ni zan san yadda zan yi. Ke da ko nama aka sa miki biyu sai kin mayar da ɗaya tukunya. Na ce bari a gama rajista tukuna in zaunar da ke. Ashe kina can kina min bincike a durowa."

"Ke kika aike ni."

"Allura na ce ki ɗauko, ban ce ki yi karatu ba."

Na yi dariya cikin kuka har da majina. Ta dungure min kai, sannan ta bar hannun a wurin tana shafawa.

"Ni ma da laifina," ta ce a hankali. "Na san inda kika fito. Bai kamata in ɓoye miki takarda ba, ko ta alheri ce. Ki yafe min."

Duk gidajen da na zauna ba babban da ya taɓa ce min in yafe masa. Sai na ƙara ƙanƙame ta.

Ƙauri ne ya dawo da mu hayyacinmu. Uwar Guga ta bar dutsen guga a kan rigar baƙo tana can tana sharar hawaye da tawul ɗin otal.

"Wayyo Allah, rigar mutane!" Ta fizge dutsen, ta ɗaga rigar, ga tambarinsa baƙi ƙirin a gadon baya. Ta dube ni ido jajir. "Ke, cire min rigar aikin nan ki fita. Dama ninkinki bai yi min ba, duk a karkace. Ƙarfe nawa aka ce za a rufe?"

"Huɗu."

"Kuma kina zaune a ƙasa? Tashi, don Allah!"

*

Baba na waje cikin tsohuwar motarsa, ya kifa hannu biyu a kan sitiyari. Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta kafin ya yi ritaya. Na shiga baya ina rarraba ido, ina jiran nawa kason faɗan.

Ya dube ni ta madubi.

"Injiniya, an fito?"

Haka yake kirana tun ranar da na ce aikin injiniyan ruwa zan karanta.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Kin ci abinci?"

"A'a."

"To shi ne laifinki." Ya miƙo min burodi a leda, sannan ya miƙo wata jakar takardu. Na buɗe. Takardar shiga jami'a, sakamakon jarrabawa, wasiƙar ofis ta tallafin karatu, fom ɗin da na bari a kan gado. Har da ƙananan hotuna guda takwas, ya je an wanko daga wanda ke jikin katin jarrabawata.

"Yaushe ka yi wannan?"

"Jiya. Na ce in an same ki kada a tsaya neman mai hoto."

Iya ta ce, "Malam, ka ja mota, labari a hanya."

Ya ja. Ku da ba ku san tuƙin Baba ba, ku gode wa Allah. Mutumin nan har yau gani yake yara arba'in ne a bayansa. Masu keke suna wuce mu. Wata babbar mota ɗauke da bulo ta wuce mu, yaron motar har da ɗaga mana hannu.

"Malam, taka mana!"

"Ina takawa."

"Wallahi da na sauka da gwiwar nan da na riga ka."

"Shekara talatin ban taɓa ko buge kaza ba, ba yau zan fara ba. Za mu isa."

Ni dai ina baya ina cin burodi ina dariya ni kaɗai. Ko faɗansu daɗi yake min yau. Iya ta ciro waya ta kira Antin Ofis ta ce an ga yarinya, muna hanyar rajista, a daina nema. Ta kira malamin lissafi, ta kira maƙwabciyarmu, ta kira Dogo. Kowa sai ta ce masa, "Ai wauta ce kawai, na yi maganinta."

Uku saura kwata muka shiga ƙofar jami'a.

Ofishin rajista a hawa na uku yake, layi tun daga matakala. Na ce Iya ta zauna a ƙasa, ta ce in rufe mata baki. Ta hau, mataki ɗaya hutu ɗaya, Baba na riƙe da jakarta. Duk wanda ya yi yunƙurin shiga gabanmu kallo ɗaya take masa ya koma inda ya fito.

Huɗu saura minti goma sha biyu muka isa taga. Mai rajistar wani siririn mutum ne mai tabarau a kan hanci, ka gan shi ka ga wanda ya gaji tun safe. Ya karɓi takarduna yana juyawa ba tare da ya dube ni ba.

"Layi biyu ba a cike ba. Inda za ki yi hutu, da wanda za a kira."

Ya turo min fom ɗin da biro.

Na rubuta lambar gidanmu da sunan layinmu. Ban taɓa sanin rubuta adireshi na da daɗi haka ba. Na rubuta sunan Iya da lambar wayarta, ban ko duba ba, tana kaina. Sai na zo ɗan akwatin ƙarshe, inda aka ce dangantaka. Na tsaya.

"Iya, in sa mariƙiya?"

"Wace mariƙiya? Ba ki ji na ajiye ba?"

"To me zan sa?"

Mai rajista ya cire tabarau ya murza ido.

"Hajiya, don Allah mutane na jira. 'Yarki ce ko ba 'yarki ba ce?"

Iya ta dafa tagar ta leƙa kanta ciki.

"Ɗan nan, dube ni da kyau. Na yi maka kama da wadda za ta hau bene uku da wannan gwiwar saboda 'yar maƙwabta?"

'Yan layi suka kwashe da dariya. Shi ma sai da ya murmusa. Ya jawo fom ɗin ya cike akwatin da hannunsa, ya ɗaga hatimi ya buga. Ya miƙo min wata 'yar takarda mai lamba.

"Kin zama ɗaliba. Ranar Litinin ta sama za a buɗe ɗakunan kwana. Na gaba!"

Na riƙe 'yar takardar nan da hannu biyu. Ni ce, wadda ta yi firamare huɗu saboda sauyin gida, wadda aka taɓa cewa ba ta da kan boko. Baba ya cire hularsa ya mayar, ya ƙara cirewa, ya rasa abin yi da ita. Iya ta ce alhamdulillahi ya fi sau goma, sannan ta tare wata ɗaliba ta tambaye ta ina ɗakunan kwanan mata suke.

"Iya, an ce sai Litinin."

"Taga kawai zan auna. Kina so ki kwana mutane na leƙenki?"

Haka ta sa mai gadin ya buɗe mata ɗaki ɗaya, ta zare tef daga wuya ta auna tsawo da faɗi, ta rubuta a bayan hannunta. Ta ce labulen da ke wurin ko tsumman goge keke ba za ta yi da shi ba.

A hanyar dawowa ba wanda ya ce Baba ya taka. Na jingina kai da gilashi na yi barcin da na kwana uku ban yi ba.

*

Muryar Baba ce ta tashe ni.

"Ikon Allah. Wa muka samu?"

Na buɗe ido. Rana ta yi ja, mun shigo layinmu. A daidai ƙofar gidanmu wata farar mota ce a tsaye, da tambarin ofishin kula da yara a jikinta.

Na maƙale a kujera. Na san ba ni aka zo ɗauka ba, na san na wuce nan, amma jikina bai sani ba. Iya ta juyo ta kama wuyan hannuna ta matse.

"Nutsu. Ba mai taɓa ki."

Muka fito. Antin Ofis ta taso daga kan dakalin ƙofar gida, takalmanta duk ƙura, fayil a hammata. Ta rungume ni ta ce ta taya ni murna, amma idonta na kan Iya.

"Iya, ki yafe min. Wallahi ban so zuwa ba."

"Me ya faru?"

"Gida huɗu na je tun safe, ko'ina a cike. Takardarki sai ƙarshen wata za ta fara aiki, saura kwana tara, har yanzu kina kan allo. Amma ba da doka na zo ba, roƙo na zo."

Ta nuna motar da haɓa. A kujerar baya akwai wata yarinya, ba za ta wuce shekara shida ba. Kanta kawai ake gani ta gilashi, rabin kitson a tsefe.

Iya ta ce, "Kwana taran za ta yi?"

Antin Ofis ta sunkuyar da kai.

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Kin san aikin nan. In ta shiga, ba ranar fita."

Na dubi Iya. Idonta na kan yarinyar, ta kama bakin tef ɗin wuyanta da hannu biyu ta riƙe gam, kamar mai tsoron kada hannuwan su tafi da kansu. Baba ya juya baya yana goge gilashin motar da ba abin da ya same shi.

Iya ta juyo ta dubi Antin Ofis.

"Ba ni za ki roƙa ba," ta ce. "Na riga na bayar da ɗakin. Ga mai shi nan."

Antin Ofis ta juyo gare ni. Baba ya daina goge gilashi.

Kafin in ce wani abu, ƙofar motar ta buɗe. Yarinyar ta zuro ƙafa ta sauko da kanta. Ashe duk tana ji. Ta tako a hankali, ta wuce Antin Ofis, ta wuce Iya, ta zo ta tsaya a gabana ta haɗe hannuwa a baya. Ta ɗago kai ta dube ni.

"Anti," ta ce, "ba na fitsarin kwance. Kuma ba na ci da yawa."